King Kong na 1959: faifan ɗan damben Johannesburg da aka manta da shi

Bari in fara kawar da ruɗani, domin duk wanda na ambata wa sunan faifan nan sai ya zaci fim ɗin ƙaton birin nan na Amurka nake nufi. Ba shi ba ne. Wannan King Kong wasan kwaikwayo ne na dandamali, irin wanda ake haɗa magana da waƙa da rawa, an fara nuna shi ranar 2 ga Fabrairu 1959 a babban zauren Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg. A shekarar ce kamfanin Gallo ya naɗi waƙoƙin wasan a faifan garmaho da muryoyin ainihin 'yan wasan, daga baya aka sake fitar da shi a CD, yanzu kuma ana samun sa a intanet. Bai kai awa ɗaya ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne ya cancanci a neme shi, amma saboda makaɗan da 'yan amshin, ba saboda waƙoƙin soyayyar da ke ciki ba.

Sai an san labarin kafin a ji daɗin faifan, domin waƙoƙi kawai aka tsamo, ba wasan gaba ɗaya aka ɗauka ba. Labarin wani ɗan damben zamani ne na gaske, Ezekiel Dlamini, Bazulu, zakaran baƙaƙen fata a ajin masu nauyi, wanda jama'a suka sani da King Kong. Mutum ne mai alfahari da ƙarfinsa, mai son a taru a kalle shi. Tauraronsa ya fara dushewa ne da wani ɗan dambe da bai kai shi nauyi ba, Simon "Greb" Mtimkulu, ya kai shi ƙasa a gaban jama'a. Daga nan ya koma gadin ƙofar gidajen rawa. Ƙarshenta ya daɓa wa budurwarsa Maria Miya wuƙa ya kashe ta. A kotu ya nemi a yanke masa hukuncin kisa, alƙali ya ba shi shekara 12 da aiki mai tsanani. A watan Afrilu 1957 aka tsinci gawarsa a madatsar ruwan gidan yarin Leeuwkop. Ko shekara biyu ba a cika ba aka ɗora rayuwarsa a dandamali, ke nan da yawa daga cikin 'yan kallo sun san shi ido da ido.

Wani lauya marubuci, Harry Bloom, ya tsara labarin. Pat Williams, wata matashiyar 'yar jarida, ta rubuta baitocin Turanci. Leon Gluckman ya ba da umarni. Duk Turawa ne. 'Yan wasan kuwa, su kusan 70, duk baƙaƙe ne, haka ma mai kiɗan, Todd Matshikiza. Shi ne dalilin da ya sa faifan yake da rai har yau.

Matshikiza ɗan Queenstown ne, an haife shi a 1921, ya taso cikin waƙoƙin taron coci da na makarantun mishan, ya koyar a Lovedale, sannan ya koma Johannesburg ya zama ɗan jarida a mujallar Drum, inda yake rubutu a kan makaɗan jaz, shi kansa kuma yana kaɗa piyano. Waɗannan abubuwa biyu, waƙar taro mai murya huɗu da jaz ɗin unguwannin baƙaƙe, su ne jijiyar faifan. Inda aka sakar masa mara ya haɗa su yadda yake so, abin ya yi armashi. Inda aka ce ya yi irin ta gidajen wasan Amurka, ya yi dai, ba a ce bai iya ba, amma kana jin ba nan zuciyarsa take ba.

Waƙar buɗewa, "Sad Times, Bad Times", wato lokacin baƙin ciki da mugun zamani, ba ta zo da hayaniyar da aka saba buɗe irin wannan wasa da ita ba. A hankali take tafiya, da nauyi, 'yan busa na ja, amshi na shigowa daga baya. Wasa ne da za a yi rawa da barkwanci a cikinsa, amma tun a farko an gaya maka makoki za a ƙare da shi. An ruwaito cewa Nelson Mandela, wanda ya halarci daren farko tare da matarsa Winnie alhali ana tsaka da yi masa shari'ar cin amanar ƙasa, ya ɗauki waƙar a matsayin saƙon goyon baya ga waɗanda ake tuhuma. Ko Matshikiza ya nufi haka ko bai nufa ba, ba abin mamaki ba ne wanda ke zaune a zauren nan a 1959 ya ji haka. An zaɓi zauren jami'ar ne ma domin yana cikin 'yan wuraren da baƙi da fari za su iya kallon wasa a ɗaki ɗaya.

Waƙar da ta ɗauki sunan wasan kuwa kirari ce tsantsa. Jarumin na faɗin ya fi birnin Cape Town girma, ya fi zinariya tauri, 'yan amshi na ɗaga shi. Nathan Mdledle, jagoran ƙungiyar mawaƙa ta Manhattan Brothers, shi ya fito a King Kong, muryarsa kuma mai kauri ce, irin ta mutumin da ba ya buƙatar ɗaga murya kafin a ji tsoronsa. Wata rana da yamma ina sauraron ta a zauren kawuna, tsoho ne da ya ci zamaninsa a gidan dambe a Sakkwato, ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. Ya ajiye buta ya kasa kunne.

"Kai, wannan ai wasa wani ake yi. Wa ake wa?"

Na ce, "Wani ɗan dambe ne, Kawu, a Afirka ta Kudu."

"Na ji alama. Yana nan?"

"Ya daɗe da mutuwa. Wani da bai kai shi jiki ba ne ma ya fara buge shi."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To ai dambe ke nan. Mai da ita baya in ji."

Abin da kunnen Kawu ya kama gaskiya ne. Wanda ya san yadda Ɗan Anace ke wasa Shago zai gane aikin da waƙar ke yi tun kafin a fassara masa: mawaƙi na hura wa namiji kai, ana tura shi fage. Bambancin kawai, a nan ɗan damben ne ke wasa kansa da bakinsa, kuma 'yan kallo sun riga sun san inda hurin kan zai kai shi.

Sai "Back of the Moon", wato bayan wata, sunan mashayar da Joyce, budurwar King Kong a wasan, take riƙe da ita. Akwai mashaya ta gaske mai wannan suna a Sophiatown. A lokacin doka ta hana baƙar fata sayen giyar Turawa, ba a sassauta ba sai 1962, saboda haka mata ke buɗe mashayun ɓoye a gidajensu, nan makaɗa da 'yan jarida da 'yan daba ke haɗuwa. Ita kanta Sophiatown tun Fabrairu 1955 gwamnati ta fara rushe ta tana kwashe mazaunanta zuwa Meadowlands, ta kuma sa wa wurin suna Triomf ta ba Turawa. Ke nan lokacin da ake rera waƙar, unguwar da ake yabo ta kusa zama kufai. Miriam Makeba ce ta fito a Joyce, tana da shekara 26. Wanda ya san ta da "Pata Pata" ko ya ji labarin zuwanta Legas bikin FESTAC a 1977 zai ji wata Makeba dabam a nan: muryar siririya ce, tas, ba ta matsa ta, tana ɗan jinkirta kalma bayan kiɗa kamar mai jan rai. Waƙar talla ce ta gidan giya, ba na ɓoye wa kowa wannan, wanda abin zai dame shi ya tsallake ta. Amma ita ce ta fi kowace shahara a faifan, kuma ban ga laifin waɗanda suka zaɓe ta ba.

Ni dai tawa ita ce "In the Queue", wato a kan layi. Ma'aikata ne suka yi layin mota da asuba za su shiga gari aiki, suna rerawa da harshensu. Babu jarumi, babu budurwa, muryoyi ne kawai jere bisa jere, maza a ƙasa suna riƙe da gindin waƙar, mata a sama. A nan tarbiyyar Matshikiza ta waƙar taro ta fito fili. Yana barin muryoyin ƙasa su yi ta maimaita abu ɗaya kamar takun ƙafa, na sama kuma su riƙa hawa suna sauka a kai, har sai ka ji gajiyar da ke cikin layin ba tare da an ce maka an gaji ba. Layin mota ba ƙaramin abu ba ne a Johannesburg ta wancan lokaci. Dokar wariyar launin fata ta tura baƙaƙe unguwanni masu nisa da wurin aikinsu, ga takardar fas da dole kowane namiji ya riƙe, in babu ita sai ofishin 'yan sanda. A farkon 1957 aka ƙara kuɗin mota daga kwabo 4 zuwa 5, mutanen Alexandra suka ƙaurace wa motocin, suka riƙa takawa a ƙasa zuwa gari da dawowa har wata uku, sai da aka janye ƙarin. Duk wanda ke cikin zauren ya san wannan. Wasan bai ambaci siyasa da baki ba, da ya ambata da wuya a bar shi ya kwana, amma ya tsayar da mutane a layi ya ba su waƙa mafi kyau a wasan. In za ka saurari abu ɗaya tak a faifan nan, wannan ce.

Makaɗan su ma abin a tsaya a kansu ne. Mackay Davashe mai busa saksofon ne ya jagorance su. Akwai Kippie Moeketsi, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa a busa a ƙasar, da Sol Klaaste a piyano, da Jonas Gwangwa a turombon, da wani yaro ɗan shekara 19 mai busa ƙaho, Hugh Masekela. Davashe da Moeketsi da Klaaste, tare da Stanley Glasser, su suka rarraba wa kayan kiɗa abin da Matshikiza ya tsara. A "Kwela Kong" aka bar su suka sake. Kwela kiɗan titi ne na yara masu busa 'yar sarewar kwano mai arha, wanda a 1958 har ya shiga jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila da "Tom Hark". Ginin kiɗan ba shi da wuya, 'yan sautuka ne uku ke zagayawa ba iyaka, gadon tsohon kiɗan marabi, gwanintar tana wajen abin da mai busa zai ɗora a kai. Watanni kaɗan bayan wasan, Moeketsi da Masekela da Gwangwa suka haɗu da mai piyano Dollar Brand, wanda ya musulunta a 1968 ya zama Abdullah Ibrahim, suka kafa Jazz Epistles. Wanda ke son jin inda jaz ɗin Afirka ta Kudu ya tsaya dab da wannan lokaci, ga shi nan a bayan muryoyin.

Yanzu ga inda faifan ya gaza. Waƙoƙin soyayya irin su "Quickly in Love" da "Strange" ba su da wani aibu da za ka nuna da yatsa, amma za a iya ɗauke su a dasa a kowane wasan Landan ko New York na shekarun 1950 ba wanda zai lura. An auna su, an goge su, an sa musu baitocin Turanci masu amsa-amo, kuma kana jin mawaƙan na taka-tsantsan da lafazi maimakon su saki murya. Mutanen da suka girgiza ka a waƙar layi, a nan sun zama ɗalibai masu ladabi. "Petal's Song", wato "The Earth Turns Over", ta ɗan fi sauran, don akwai taushi na gaske a cikinta. "Marvellous Muscles" barkwanci ne da ke buƙatar a ga 'yan wasan suna motsa jiki a dandamali. A kunne kawai, ta wuce ba ta bar komai ba. Joe Mogotsi, wanda ya fito a Lucky shugaban 'yan daba, ya yi ƙoƙari, sai dai 'yan dabar da ke waƙa da tsari haka ba sa ba kowa tsoro.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ba laifin kiɗa ba ne. Bayan "It's a Wedding", waƙar biki mai cike da guɗa da murna, sai "Death Song", inda Mdledle ke rera bankwanan jarumin. Ya rera ta da kyau ƙwarai, har ka ji tausayi ya kama ka. To amma wa aka kashe? Wasan ya ba wanda ya yi kisa waƙar mutuwa, ita wadda aka kashe an sauya mata suna, an mai da ita mai gidan giya, an bar ta da waƙar talla. Na fahimci abin da masu wasan ke nufi, cewa mutum ne mai baiwa da ƙasa ta toshe wa kowace hanya, ba a bar shi ya kara da Turawa ba, ba a bar shi ya fita duniya ba, har ƙarfinsa ya juyo kan na kusa da shi. Akwai gaskiya a ciki. Amma Maria Miya ba ita ta kafa wariyar launin fata ba. Ina jin daɗin waƙar, ina kuma jin haushin jin daɗin nata, kuma ban ga dalilin da zai sa in zaɓi ɗaya ba.

Ta fuskar sauti, a tuna naɗin 1959 ne. Komai ta hanya ɗaya yake fitowa, ba a raba dama da hagu ba, kuma idan amshi da 'yan busa suka taso gaba ɗaya sukan cushe, kalmomi su ɓace. Kada ka yi masa hukunci da lasifikar waya. A can bes ɗin ɓacewa yake yi ɗungurungum, muryoyin maza na ƙasa su zama kamar ƙugin sauro, alhali su ne ginshiƙin rabin waƙoƙin. Da na sa abin kunne mai ɗan kyau sai na ji har numfashin da 'yan amshi ke ja tare kafin su shiga baiti, da ɗan ƙarar maɓallan saksofon. Wasu kwafin da mutane suka ɗora a intanet daga tsofaffin faya-fayai suke, da ƙarce-ƙarcen allura da tsalle. In da hali a nemi wanda kamfanin ya sake fitarwa.

Me ya sa aka manta da shi, alhali an ƙiyasta mutum kusan 200,000 sun kalle shi a Afirka ta Kudu? Wasan ne ya zama ƙofar fita ga mutanensa, ƙofar kuma ta rufe a bayansu. Makeba ta bar ƙasar a 1959, a 1960 aka soke fasfonta lokacin da ta nemi komawa jana'izar mahaifiyarta, bayan jawabinta a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 aka haramta faya-fayanta, ba ta sake taka ƙasar ba sai 1990. Masekela ya fice bayan kisan Sharpeville na 21 ga Maris 1960, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69. A Fabrairu 1961 aka kai wasan gidan Princes Theatre a Landan, aka yi kusan nuni 200, da aka gama da yawa daga 'yan wasan suka ƙi komawa gida, har da Manhattan Brothers. Arthur Goldreich, wanda ya zana dandamalin da tufafin, an kama shi a gonar Liliesleaf a Rivonia a 1963 tare da shugabannin ANC, ƙungiyar da ke yaƙi da wariyar launin fata, ya tsere daga hannun 'yan sanda ya bar ƙasar. Shi Matshikiza ya tafi Landan a 1960, bai sami gindin zama ba, ya koma Zambiya a 1964 yana aikin rediyo, ya rasu a Lusaka a 1968 yana da shekara 46. Moeketsi ya koma gida daga Landan, ya rasu a 1983 cikin talauci, sai bayan ransa aka sa wa wani gidan jaz a Johannesburg sunansa. Ba wanda ya rage ya riƙe wasan. Mu nan da aka ce wasan waƙa na Afirka ta Kudu, Sarafina muke tunawa, saboda fim ɗin 1992 ya zaga gidajenmu a kaset. King Kong ba a yi fim ɗinsa ba, an gwada farfaɗo da shi a 1979 bai yi nasara ba, sai a 2017 gidan wasa na Fugard a Cape Town ya sake ɗora shi a dandamali da gyare-gyare.

Gargaɗi ga mai nema: faifai biyu ne masu suna ɗaya. Akwai na Johannesburg na 1959, akwai na Landan na 1961 da kamfanin Decca ya fitar. Na Landan ya fi tsabtar sauti, kuma Peggy Phango da ta maye gurbin Makeba mawaƙiya ce ta ƙwarai, ba a raina ta ba. Amma an gyara wasan don kunnen Ingilishi, kuma a nawa kunnen gyaran ya rage masa gishiri. Masu ɗorawa a intanet sukan cakuɗa su, wani ma ya manna hoton wannan a kan sautin wancan. Ka duba jerin sunaye, in ka ga Miriam Makeba a matsayin Joyce, na 1959 ne, shi za ka fara da shi. Na Landan sai daga baya, in kana son ka kwatanta yadda aka rera "Back of the Moon" a wuraren biyu.